Tsarki A Cikin Kwamfuta? A Daina Yi Mana Rufa-Ido Da Kalmomi

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama inda ake gardama a kan harsunan shirya manhaja ya san yadda take ƙarewa. Wani ya miƙe ya ce harshensa tsarkakakke ne, na abokinsa kuwa gauraye ne. Shi ke nan an yanke hukunci, alhali ba a ko kunna na'ura ba. Wa zai tsaya a bainar jama'a ya kare ƙazanta?

Bari mu warware zaren. Wannan tsari da ake kasa manhaja zuwa "abubuwa", kowane da bayanansa da ayyukansa, ya samo tushe ne a Oslo, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da Simula 67. Daga baya Alan Kay da abokan aikinsa a Xerox PARC suka gina Smalltalk, inda komai abu ne, har lamba 3. Shi ake wa laƙabin tsarki. Java, da ta fito a 1995, ta bar lambobi na asali a waje don na'ura ta yi sauri. Bjarne Stroustrup kuma, tun da ya soma aikin da ya zama C++ a 1979, ya ƙi rabuwa da harshen C saboda sauri da kuma ɗimbin aikin da aka riga aka rubuta da shi. Wannan zaɓi ne na injiniya, yana da riba yana da hasara. Da aka sa masa sunan rashin tsarki sai ya koma zunubi, shi kuwa zunubi ba a auna shi, tuba ake nema.

Haka zancen harshe mai "ƙarfi" da mai "rauni". Har yau masana ba su daidaita a kan ma'ana guda ba. Abin da ke ƙasa mai sauƙi ne: ka ba JavaScript rubutun "1" ka ce ta haɗa da lamba 1, sai ta miƙo maka "11", Python kuwa ta tsaya ta ce ka yi kuskure. To, a faɗi haka mana! Mai sauraro ya ga da idonsa wanne ya dace da lissafin albashi.

Kalmar da ta fi damuna ita ce gado. A kunnen Bahaushe gado hakki ne, abu mai daraja da shari'a ta tsare, don haka ɗalibi ya ji ana cewa wani rukuni ya gaji halayen uwarsa sai ya ɗauka alheri ne zalla. A aikace kuwa, ka taɓa uwar kaɗan, 'ya'ya goma su lalace ba ka sani ba. Tun 1994 marubuta huɗu na littafin Design Patterns suka ba da shawarar a fifita haɗa abubuwa a kan gado, kuma harshen Go, da aka bayyana a 2009, ya zo ba shi da gadon rukuni sam. Shi kansa Kay ya nuna nadama a 1998 a kan kalmar "abu", domin a ganinsa ta kawar da hankalin mutane daga ainihin batun, watau aika saƙo tsakanin sassa. Ko shahararren kanun nan na 1968 da ya ayyana umarnin goto a matsayin mai cutarwa, ba Dijkstra ya sa shi ba. Edita Niklaus Wirth ne ya sauya masa take, taken kuma ya fi hujjar yawo.

Gobe waɗansunmu za su zauna a ma'aikatu suna sa hannu a takardun sayen manhaja da kuɗin talakawa. Ɗan kwangila zai zo da rigar kwat ya ce tasa tsarkakakkiya ce, mai ƙarfi, ta zamani. A tambaye shi mutum nawa ne a garin nan za su iya gyara ta idan ya tafi, da nawa za a kashe kafin a sauya layi ɗaya a cikinta.