Takin da birane ke binnewa a bola

Kowace safiya, a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, mata kan share tsakar gida su tara abin da tsintsiya ta kwaso cikin tsohon bokiti, yaro ya ɗauka ya kai bola. Duk wanda ya tsaya ya duba bokitin zai tarar rairayi ne ya fi yawa, sai toka, sai kashin awaki da na kaji, sai ganyen dogon yaro da ɓawon albasa, sa'annan leda da mataccen batir da fasasshiyar kwalba. In aka tsame ukun nan na ƙarshe, abin da ya saura sunansa taki. Amma ma'aikatar magajin gari na ƙona man manyan motoci don ta kwashe shi gaba ɗaya ta jibge a bayan gari, inda za a cinna masa wuta ko ruwan damana ya maido shi cikin magudanai.

Manomin Hausa ya daɗe da sanin darajar sharar birni. Shekara da shekaru manoman kewayen Kano suna lodin toka da shara bisa jakuna zuwa gonakinsu. A yankin Illela, cikin jihar Tawa, tun ƙarshen shekarun 1980 manoma suka rayar da faƙo da dabarar tassa: a haƙa ƙaramin rami, a zuba masa taki tafi ɗaya ko biyu, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Wani masani ɗan Japan, Shuichi Oyama na jami'ar Kyoto, ya ga manoman yankin Dogon Dutsi na zuba shara a ƙasar da ta mutu, ya bi sawunsu da sharar birni, ciyawa ta fito inda a da ba ta fitowa.

Ga kuma halin da takin zamani yake ciki. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun ɗauki alkawarin kai kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, Nijar kuwa ba ta ko kusanci wannan adadi ba. Buhun taki daga waje yake zuwa, shi ya sa farashinsa ya yi tsalle lokacin da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ya sake yi a 2022 da yaƙin Rasha da Ukraine ya ɓarke. Ko an same shi da araha, jigawar da ba ta da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba ba ta riƙe shi, ruwa ke wanke shi ya wuce da shi ƙasa.

Wasu za su ce raba shara aikin Turawa ne. Gaskiya ne a Faransa, bisa wata doka ta 2020, tun ranar 1 ga Janairun 2024 wajibi ne kowace ƙaramar hukuma ta tanadar wa jama'a hanyar ware ragowar abinci da sharar lambu. Sai dai Nijar ba ta buƙatar kwaikwayon tsarinsu. A gidan Bahaushe ragowar tuwo ɗumame ne, ƙanzo da dusa na tumaki ne, abinci kaɗan ke kai wa bola. Abin da ke ɓata sharar birni shi ne leda. Ita ke hana mai garka ɗaukar juji, ita ke cika tumbin awaki har su rame su mutu. Doka mai lamba 2014-63 ta watan Nuwamba 2014 ta haramta shigo da ita da sayar da ita, amma ga ta nan a kowane teburin mai tumatir.

Aikin ya kamata ya soma daga kasuwa, inda ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji da ɓawon mangwaro ke taruwa wuri guda: Kasuwar Dole a Damagaram, Katako a Yamai, babbar kasuwar Maraɗi. Rabin gurguru biyu sun isa kowane layi, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na sauran. Masu amalanken da ke kwasar shara a unguwanni su keɓe wa kowane iri ranarsa. Hukuma ta ba da fili a gefen gari, kusa da rijiya, domin da rani ruwa ne babban tsadar aikin. Can za a jera busasshen ganye da ɗanyen ɓawo da kashin dabba hawa-hawa, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu. Zafin cikin tsibin kan haura digiri 55, ya kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Cikin wata biyu zuwa uku takin ya nuna. Masu saye kuwa ba sai an neme su ba: masu noman rani na Jiratawa, masu garake na Mirya, masu albasar Galmi.

Ɗan kasuwar da ke biyan fatanti da tikitin rumfa yana da haƙƙin tambayar magajin gari nawa ake kashewa a shekara wajen jigilar rairayi da toka zuwa bayan gari. Ma'aikacin gwamnati mai gida da fili yana iya haƙa raminsa bayan ɗaki ba tare da jiran taimakon wata ƙungiyar waje ba. Su kuma masu neman kujerar gari, idan lokacin yaƙin zaɓe ya zo, bai kamata a karɓi alkawarin sabbin motocin shara daga bakinsu ba sai sun faɗi filin da za su ware wa taki, da ranar da dokar leda za ta fara aiki a kasuwanninsu.