Sefa ba ta hawa jirgi



Ranar Laraba da ta gabata wata ƴar buƙata ta kai ni wani banki a nan Maraɗi, inda na tarar da wani dattijo ɗan kasuwa, abokin marigayi mahaifina, tsaye gaban kanta da jaka a hammata. Tafiya ce gare shi zuwa Dubai sarin kaya, kuma yana neman dalar Amurka 3.000. Ya ajiye fasfo, ya ajiye tikitin jirgi, ya ajiye kuɗɗinsa ƙulli-ƙulli. Yaron da ke bayan gilashi ya dube shi da ladabi ya ce: "Baba Alhaji, a yi haƙuri, ba mu da ita a ƙasa, sai mun rubuta an aiko mana daga Yamai." Alhaji ya ce: "Ɗana, jirgina fa ranar Asabar zai tashi." Yaron ya ce shi ma ya gani a tikiti, amma babu yadda zai yi. Muka fito tare. Kafin in gama tambayarsa mutanen gida ya riga ya ƙetare titi zuwa inuwar ƴan canji, kuma ba a yi minti 15 ba aka ƙirga masa kuɗɗinsa cif. Abu guda ne bai samu ba a can, shi ne takardar shaidar canji.

Wani zai ce, to me ya hana Alhaji ya ɗauki sefarsa ya je ya canza a can? Matasan ƴan kasuwa da yawa ba su san an taɓa yin zamanin da haka ke yiwuwa ba. Har zuwa shekarar 1993 takardar sefa tana da mai fansarta duk inda ta shiga: in ta faɗa hannun wani banki a Turai, sai ya tara ya maido wa babban bankinmu BCEAO, shi kuma ya biya da kuɗɗin Faransa. Wannan ne ya sa sefa ta yi farin jini a Kano da Legas, domin ɗan kasuwar Najeriya da ya rasa kuɗɗin waje a bankunan ƙasarsa sai ya sayi sefa da naira a Jibiya ko Illela, ya cika jaka ya nufi Turai. Da raɗe-raɗin karya darajar sefa ya yi ƙarfi, fitar kuɗɗin ta zama ambaliya, har ranar 2 ga watan Agusta 1993 aka daina fansar duk takardar da aka fitar daga ƙasashe masu amfani da sefa. Kafin shekarar ta ƙare kuma, BCEAO da takwaransa BEAC na Afirka ta tsakiya suka daina fansar takardun juna. Sannan ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari faran guda na Faransa, wanda jiya yake tamma 50, ya koma tamma 100. Maniyyacin da ya canza guzurinsa a watan Disamba ya tsira, wanda ya jira kuwa ya biya ninki biyu. Dattawan kasuwa ba su manta da wannan safiya ba, kuma ita ce ta sa har gobe wasunsu ke ɓoye ƴan daloli a ƙasan akwati.

Saboda haka a yau takardar sefarmu tana da iko ne a ƙasashe 8 kawai: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Kodebuwa, Senegal da Gine Bisau. Mai zuwa Kwatano ko Lome ko Abijan ba ya da matsala, kuma ficewar ƙasarmu daga CEDEAO a watan Janairu 2025 ba ta taɓa wannan ba, tunda muna nan cikin UEMOA. Amma mai zuwa Injamena ko Duwala ya sani cewa sefarsu daban, tamu daban. Darajarsu ɗaya a kan takarda, sai dai mai canza maka sai ya yanki rabonsa. Can nesa kuwa, a Makka ko Dubai, in ka samu wanda ya karɓi sefa, to ya karɓe ta ne kamar haja, a farashin da ya ga dama, domin shi ma sai ya nemi wanda zai maido ta gida.

To wane kuɗɗi ya kamata matafiyi ya nema? A nan ne mutane ke yin asara ba tare da sun ji a jikinsu ba. Tun ranar 1 ga Janairu 1999 sefa tana ɗaure da kuɗɗin Turai, wato ero, a farashin da ba ya motsi: ero 1.000 daidai yake da sefa 655.957. Duk abin da aka ɗora maka a kan wannan, ladan mai canji ne, kuma kana iya lissafa shi da kanka. Dalar Amurka kuwa ba ta da wannan igiya. (Ina cewa dalar Amurka da gangan, domin a bakinmu dala tamma 5 ce, kuma na taɓa ganin ciniki ya kusa zama faɗa saboda wannan.) Farashinta gare mu yana bin kokawar da take yi da ero a kasuwannin duniya. A tsakiyar 2008 dalar Amurka guda ba ta kai sefa 420 ba, a watan Satumba 2022 kuwa ta haura sefa 670, alhali babu abin da ya canza a Yamai. Riyal na Saudiyya da dirhami na Dubai su kuma suna ɗaure da dalar Amurka: dala 100 riyal 375 ne, ko dirhami 367 da ƴan kai. Ma'ana, guzurin alhajin Tawa yana hawa yana sauka ne bisa ga abin da ya gudana tsakanin Turai da Amurka, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya biyo baya a fili yake. Mai zuwa Turai ya riƙi ero, mai zuwa Makka ko Dubai ko Sin ya riƙi dalar Amurka, kuma kowa ya rage yawan hannayen da kuɗɗinsa za su bi. Na san masu sayen naira da sefa a Ɗan Isa ko Matamaye, su kai ta Wapa a Kano su sayi dala, su je Makka su maida ita riyal, suna murna sun samu araha. Wani lokaci lissafin yakan fita, musamman a ranakun da naira ke tangal-tangal, kamar yadda ta yi bayan an sake ta a watan Yuni 2023. Amma hannu uku ne suka ci, ga kuɗɗin mota, ga haɗarin hanya da jaka cike da jari, kuma a ƙarshe babu wata takarda da ƴan duwan na Nijar za su duba su gamsu.

Ita wannan takarda ita ce zancen. Dokar UEMOA ta 2010 a kan hulɗar kuɗɗi da ƙasashen waje ta yanke wa matafiyi iyakar sefa miliyon 2 a takardun kuɗɗin waje, kimanin ero 3.000 ke nan, abin da ya haura kuma sai a bi da shi ta katin banki ko wata hanyar banki. A watan Disamba 2024 ministocin ƙungiyar sun amince da sabuwar doka a madadinta, don haka kada kowa ya dogara da abin da maƙwabcinsa ya yi shekaru biyar da suka wuce. Ya tambayi banki ko ofishin duwan iyakar da ake aiki da ita kafin ya ɗaure kaya. Abin da bai canza ba shi ne, a filin jirgin sama na Jori Hamani ma'aikacin duwan yana da ikon ya tambaye ka nawa ka ɗauko, kuma ina ka samo. Mai takardar banki ko ta buron canji mai izini zai miƙa ya wuce. Wanda ba ya da ita sai ya shiga rantsuwa da kiran waya, jirgi kuma ba ya jiran kowa. A can ma akwai wata ƙofa: mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai da ero 10.000 ko fiye dole ya bayyana su a rubuce, haka mai shiga Amurka da abin da ya haura dala 10.000. Bayyanawa ba laifi ba ce, kuma ba haraji ba ce. Ɓoyewa ce ke sa a riƙe kuɗɗi.

Ban zo nan don in zagi ƴan canji ba. Kowa ya ga abin da ya faru bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasarmu a ƙarshen watan Yuli 2023, lokacin da mutum ke kwana a layi don ya ciri abin da ba zai kai shi ƙarshen mako ba, har aka ɗage shi a watan Fabrairu 2024. A wannan tsakani mutanen inuwar bishiya ne suka riƙe ciniki, kuma da yawansu amanarsu ta fi sa hannu ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa na bankuna ne. Gaskiya ne takardun kuɗɗin waje haja ce da ake shigowa da ita ta jirgi, a biya inshora, a ajiye a ma'aji ba ta haihuwa, shi ya sa kowane banki ke ƙyashin tara ta a reshensa. To amma ashe ba a san lokacin aikin hajji ba? Ba a san cewa babbar kasuwar baje koli ta Gwanzu a ƙasar Sin tana ci a watan Afrilu da watan Oktoba ba? Garin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa, a ce dala 3.000 sai an rubuta wa Yamai, wannan abin kunya ne, kuma ya kamata majalisar ƴan kasuwa ta zauna da shugabannin bankuna a kansa, a ware wa Maraɗi da Damagaram da Tawa kasonsu kafin waɗannan lokuta.

Ma'aikatan gomnati su ma suna da tasu. Sau nawa aka aiki mutum taro a waje, takardar umurnin tafiya ta fito tun farkon wata, amma kuɗɗin guzuri ba su shigo hannunsa ba sai ranar Juma'a da yamma, a sefa, jirgi kuma Lahadi da dare? Banki ya rufe. Sai ka ga babban darakta da kwat ɗinsa yana leƙen lungunan Babbar Kasuwar Yamai, yana karya dokar da wataƙila ofishinsa ne ya aika wa jama'a sanarwarta. Da masu biyan kuɗɗi za su sallami mutum kwana uku kafin tafiya, da an huta da wannan.

Wanda ya samu kuɗɗin, ta kowace ƙofa, ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya kafin ya tashi. Takardar dala 100 mai shuɗin zare a tsakiya ta fito ne a watan Oktoba 2013, kuma ita ce masu canji suka fi so. Tsofaffin suna nan da darajarsu a dokar Amurka, amma dokar Amurka ba ta zaune a shagon canji na Dubai ko Gwanzu, inda za a rage maka farashi ko a turo maka ita baya, musamman mai ƙaramin kai ta kafin 1996. Haka takardar ero 500: tun 2019 aka daina fitar da sababbinta, kuma ko da yake tana nan halal, ba kowane kanti ko otel ke karɓarta ba. Mai yagewa, mai tabon mai, mai rubutun biro, duk a mayar a sake. A nemi ƴan ƙananan takardu kuma, na 10 da na 20, saboda taksi da ruwan sha a daren farko, kada mutum ya fasa ɗari a filin jirgi inda farashi ya fi ko'ina muni. Jabu kuwa, in ta fito daga banki kana da takarda da za ka koma da ita, in ta fito daga inuwa sai dai ka kai ƙara wurin Allah.

Ranar Litinin da dare Alhaji ya kira ni daga Dubai. Ya ce ya wuce Yamai lafiya, babu wanda ya tambaye shi komi a ranar, kuma ya yi wa Allah godiya. Amma da ya je canji a can, an ware takardu 4 daga cikin 30 da ke hannunsa an ce tsofaffi ne, shago biyu suka ƙi su, na uku ya karɓa da ragi. Na ce: "Baba, ai ka ga abin da nake faɗa." Ya ce: "Na gani, ɗana. In na dawo ka raka ni bankin nan, mu gaya masu tun yanzu cewa zan sake tafiya bayan salla, mu ga ko wata biyu za su ishe su rubuta wa Yamai."