Jinjina ga Ma'aikatan Jinyar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A watan Janairun 2025 'yan bindiga suka kutsa cikin Babban Asibitin Ƙanƙara da dare, suka harbi likita, suka yi awon gaba da mutane, ciki har da ma'aikacin jinya. A garin ne kuma aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya a Disambar 2020. Duk wanda ya san haka, ya ga nas ta ɗaura farin kayanta za ta dutin dare, ya san ba albashi kaɗai ya fito da ita ba.

Sannunku da aiki, 'yan'uwa. Ku ne kuke karɓar wanda aka kawo jina-jina daga ƙauyukan Faskari da ke iyaka da Zamfara, da mai naƙudar da ta kwana a hanya saboda ba mai iya fitowa da ita cikin duhu daga dajin Sabuwa. Ku ɗaura ruwa, ku tsayar da jini, alhali zuciyarku na wurin 'ya'yanku a gida. Allah ya saka muku da alheri.

To amma jinjina ba ta tsare rai. Bayan harin Ƙanƙara, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta NANNM reshen Katsina ta yi barazanar janye mambobinta daga yankunan da ke fama da 'yan bindiga. Ba ta yi laifi ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne a zauna a yanke shawara kan asibiti babu wakilinsu a teburin, ko a bar wanda ba shi da uwa a gindin murhu ya yi shekara da shekaru a bakin daji.

Gwamnatin Katsina ta Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Muna roƙo a girke jami'anta a ƙofar kowane asibiti na waɗannan ƙananan hukumomi, a biya alawus na haɗari a kan kari, a riƙa canjin wurin aiki bisa adalci. Wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa a ba shi hutu da likitan da zai saurare shi.

Ku ma akwai naku nauyin. Kada gajiya ta sa ku daka wa majinyaci tsawa, domin shi ma daga cikin wannan wutar ya fito. Manyanku kuma su ja sababbin shiga a jika, kada a ware kowa.