Karatun Hutu Ta Intanet: A Hannun Wa Za A Yi, Wa Kuma Zai Karɓi Takardar?

Makon jiya, bayan mun fito daga sallar Isha'i a masallacin layinmu da ke unguwar Ajiya a Jimeta, wani maƙwabcina tela ya ja ni gefe, ya miƙo mini wayar ɗansa. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan, yaron nan ya hana ni sakat." Talla ce da ke yawo a WhatsApp. Wata jami'a da aka ce tana Ingila ta buɗe kwas na mako takwas ta intanet domin masu dogon hutu, ga hoton satifiket mai hatimin ruwan zinari, ga kuma gargaɗin cewa gurabe sun kusa cika. Yaron yana aji biyu a jami'a, ya faɗi kwas guda, irin wanda ɗalibai ke kira kariyoba, an kuma tabbatar masa cewa idan ya yi wannan za a ɗauke masa wancan. Uban har ya fara cinikin ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu.

Tambaya ɗaya na yi wa yaron: ka nuna wa shugaban sashenku? Ya ce a'a. Da ya je ya nuna, amsar ba ta ɗauki minti biyar ba. Jami'arsu ba ta san da wannan makaranta ba, kuma ko maki ɗaya ba zai shiga takardar sakamakonsa ba. Keken ɗinki dai ya tsira. Abin da ke damuna shi ne gidajen da ba a yi wannan tambaya ba sai bayan kuɗi ya fita.

Ba na cikin masu kushe karatun intanet. A ganina yana cikin mafi amfanin abin da matashi zai yi da hutunsa, musamman a ƙasar da hutun ɗalibi kan zo ba shiri. Waɗanda suka zauna a gida wata takwas a yajin aikin ƙungiyar ASUU, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, sun san bambancin wanda ya koyi wani abu a lokacin da wanda ya ƙare shi a majalisar shayi. Matsayina kawai shi ne, duk wanda zai shiga irin wannan karatu ya fara da tambayoyi biyu: wane ne zai karantar da ni, kuma wane ne zai karɓi shaidar da za a ba ni?

Tambayoyin nan gadonmu ne. Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841, sai da ya yi tattaki zuwa ƙasar Borno neman ilimi, kuma laƙabinsa ma da Fillanci malami yake nufi. A zaurukan malamanmu har gobe, idan almajiri ya ce ya sauke littafi, abin da ake fara tambayarsa shi ne a hannun wa. Darajar ijaza tana ga sunan wanda ya bayar da ita. Abin mamaki ne a ce jikokin mutanen da suka san wannan su ne ke tura kuɗi ga makarantar da ba su san sunan malami ko ɗaya a cikinta ba.

Karatu daga nesa shi ma ya daɗe a ƙasar nan. Ta hanyar wasiƙa Obafemi Awolowo ya yi digirinsa na kasuwanci na Jami'ar Landan. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, ta ba malaman firamare masu ɗimbin yawa damar ƙaro ilimi ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Dukkansu akwai sananniyar hukuma a bayansu wadda ke shirya jarrabawa, take kuma tsaya wa takardar.

Ruɗanin yau ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku da kowanne hanyarsa daban, kuma masu talla da gangan suke cakuɗa su.

Na farko shi ne digiri ta intanet daga jami'ar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince wa. A nan akwai NOUN mai cibiya a Yola, da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Modibbo Adama, da ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Miva da ta samu lasisi a 2023. Wannan karatun shekaru ne, hutu ɗaya ba ya ɗaukarsa. Duk wanda ya yi maka alkawarin digiri cikin makonni, ka tuna da binciken ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian a ƙarshen 2023, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin ƙasashen Benin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ɗan jihar nan, ya bayyana cewa sama da mutum 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na biyu shi ne gajerun kwasa-kwasan koyon fasaha, irin na dandalin Coursera da edX, waɗanda aka buɗe a 2012, na farkon daga malaman Jami'ar Stanford, na biyun daga Harvard da MIT. Kwas ɗin CS50 na Harvard, wanda ke koyar da tushen ilimin kwamfuta, kyauta ake bin sa. Akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa miliyan uku a fasahar zamani. Waɗannan su ne suka fi dacewa da hutu. Sai dai a san cewa takardarsu shaida ce ta cewa mutum ya bi darasi. Ba ta zama digiri, kuma ba ta mai da mai ita ɗalibin Harvard.

Na uku shi ne ainihin zangon hutu na jami'o'in Amurka da Turai, inda ake yin kwas guda cikin makonni kaɗan a samu makin da ke shiga lissafin digiri. Wannan gaskiya ne akwai shi, amma a manyan jami'o'in kuɗin kwas ɗaya kan kai dubban daloli, kuma ko a can ɗalibi kan nemi amincewar jami'arsa kafin ya yi rajista a wata. Makin ba ya tafiya da ƙafarsa. Idan sashenka da majalisar jami'arka ba su amince a rubuce ba, ka yi cinikin biri a sama. A wannan rami ne ɗan maƙwabcina ya kusa faɗawa: an sayar masa da na biyu, da sunan na uku, daga makarantar da ba ta cancanci ko ɗaya ba.

Saboda haka, mai neman takarda ya buɗe shafin NUC ya duba sunan jami'ar, domin hukumar kan wallafa jerin waɗanda ta amince da su, har da na haramtattu. Idan ta waje ce, ya nemi sanin hukumar da ta tantance ta a ƙasarta, ya kuma duba sunanta a shafin hukumar, kada ya tsaya ga abin da makarantar ta faɗa game da kanta. Ya nemi jadawalin darussa da sunayen malamai. Ya tambayi yadda ake jarrabawa, domin kwas ɗin da ba a faɗuwa a cikinsa ba a cin komai a cikinsa. Idan aka ce ya tura kuɗi asusun wani mutum, ko aka matsa masa da cewa yau ne ranar ƙarshe, to ya kama kansa.

Bayan wannan sai lissafin aljihu, wanda talla ba ta taɓa kawo shi. Kafin a saki Naira a watan Yunin 2023, dala ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura 1,500. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari, alhali darasin bidiyo data yake ci ba sassauci. Ga wuta, wadda duk mazaunin Jimeta ya san halinta, ga shi lokacin da Turawa ke kira na zafi ya faɗo a tsakiyar daminarmu, lokacin da hadari ɗaya kan ɗauke wuta da sabis tare. Sannan ga bambancin agogo. Darasin da ake yi kai tsaye da ƙarfe 6 na yamma a New York, ƙarfe 11 na dare ne a Yola, idan kuwa daga Kalifoniya ne, ƙarfe 2 na tsakar dare. Ɗalibin da ke Ajiya ya fi dacewa da kwas ɗin da ake sauke darussansa a kalla lokacin da aka samu dama, wanda kuma waya za ta iya ɗauka idan babu kwamfuta.

Akwai kuma lissafin da ya fi na kuɗi wuya, wato na juriya. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan Harvard da MIT a edX ya gano cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kimanin uku cikin ɗari ne kacal na waɗanda suka yi rajista suka kammala. Rajista ba ta da wahala, zaman ne da wuya. Shawarata ita ce kwas ɗaya a hutu ɗaya, da sa'o'i sanannu a kowace rana, da abokai biyu ko uku da za a riƙa haɗuwa ana bita, kamar yadda almajirai ke tilawa tare.

Wani zai ce ai zamani ya sauya, iyawa ake nema, takarda ta zama tarihi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mai neman wanda zai tsara masa shafin intanet ko ya riƙe masa lissafin shago aikin hannunka zai duba. To idan haka ne, sai ka koyi abin, ka nuna aikinka, ka bar kuɗin satifiket a aljihun mahaifinka. Amma mai neman aikin gwamnati, ko ƙarin girma, ko bautar ƙasa, ko digiri na biyu, takarda za a tambaye shi, kuma sai wadda hukuma ta sani. Kowa ya san abin da ya fita nema kafin ya shiga kasuwa.

Laifin bai tsaya kan yara da iyayensu ba. Da ɗan maƙwabcina yana da hanyar gyara kwas ɗinsa a jami'arsa cikin hutu, da bai saurari 'yan talla ba. Ɗalibai da yawa kan ƙara shekara guda cur saboda kwas ɗaya ko biyu, iyaye su sake biyan kuɗin makaranta da na haya. A nan Yola muna da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, AUN, mai bin tsarin da ya san zangon tsakiyar shekara, muna da Jami'ar Modibbo Adama mai cibiyar karatu daga nesa. Ina kira ga jami'o'in gwamnati da ke jihar nan, har da ta jiha da ke Mubi, da su haɗa waɗannan dabaru biyu: a buɗe zangon hutu ta intanet ga masu kariyoba, a kan kuɗi mai sauƙi, a biya malaman da suka koyar haƙƙinsu, jarrabawa kuma a yi ta ido da ido a cibiyoyin kwamfuta irin waɗanda JAMB ke amfani da su. Kowace jami'a ta kuma wallafa matsayinta a fili game da makin da aka samo daga waje, domin kada ɗalibi ya dogara da ji-ta-ji-ta.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Yola ta Arewa da ta Kudu su ma da nasu. Ɗakunan kwamfuta na makarantun sakandare a kulle suke kwana su wuni duk tsawon hutu. A buɗe ko guda ɗaya a kowace mazaɓa, a sa masa sola da intanet, a ware wa mata sa'o'insu da rana. 'Yan mata da matan aure su ne karatun gida ya fi yi wa rana, su ne kuma ba za su iya zaman shagon caji har dare ba.

Ɗan maƙwabcina yanzu ya shiga wani kwas na kyauta kan sarrafa alƙaluma da kwamfuta. Da safe yana taya mahaifinsa guga da sa maɓalli a shago, bayan La'asar ya zauna da wayarsa shi da abokansa biyu. Kwas ɗin da ya faɗi kuwa zai sake shi a zango mai zuwa, a ajin da ya faɗi shi, a gaban malamin da ya san sunansa.

Marubucin ya aiko da wannan ra'ayi ne daga unguwar Ajiya, Jimeta, Jihar Adamawa.