Yaƙin Duniya na Biyu da rabon kujerun da ya bar wa duniya

A duk lokacin da wakilin Amurka ko na Rasha ya ɗaga hannu a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kashe wani ƙuduri shi kaɗai, yana amfani ne da ikon da shugabanni uku suka tsara a garin Yalta a watan Fabrairun 1945, lokacin da ake tsakiyar ɓarin wuta a Turai da Asiya.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi a ƙasar Hausa ke kira Yaƙin Hitila, ya ƙare fiye da shekara 80 da suka wuce. An gyara biranen da ya rusa, abokan gaba na jiya sun zama ƙawaye. To amma rabon iko da aka yi a ƙarshensa yana nan daram, kuma shi ne tushen ƙorafin da Afirka ke yi a yau.

Mafarin rikicin

Masana tarihi da dama kan faro bayani daga yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda ta rufe Yaƙin Duniya na Ɗaya. An ɗora wa Jamus alhakin ɓarnar yaƙin, aka taƙaita sojojinta zuwa 100,000, aka ɗora mata diyya mai nauyi, aka kuma ƙwace duk ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka. Cikinsu har da Kamaru, wadda Birtaniya da Faransa suka raba a tsakaninsu.

Sai dai ɓacin rai shi kaɗai bai kai Adolf Hitler ga mulki ba. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta Nazi ba ta samu ko kashi 3 cikin 100 na ƙuri'u ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne karyewar tattalin arzikin duniya a 1929. Kafin 1932 marasa aikin yi a Jamus sun kai kimanin miliyan 6, kuma a zaɓen watan Yulin wannan shekara 'yan Nazi suka samu kashi 37. A ranar 30 ga Janairun 1933 aka naɗa Hitler shugaban gwamnati. Manyan 'yan siyasar da suka share masa hanya sun ɗauka za su iya juya shi yadda suke so.

A wancan zamani akwai tsohuwar Majalisar Ƙasashen Duniya mai mazauni a Geneva, wadda aka kafa a 1920 domin hana sake aukuwar yaƙi. Amurka ba ta taɓa shiga cikinta ba. Da Japan ta mamaye yankin Manchuria na ƙasar Sin a 1931 aka kuma zarge ta, sai kawai ta fice daga majalisar a 1933. Jamus ma ta fice a wannan shekara.

A Afirka ne dai asirin majalisar ya tonu sarai. A watan Oktoban 1935 Italiya ta Benito Mussolini ta auka wa Habasha, wadda cikakkiyar wakiliya ce a majalisar. Dakarun Italiya sun yi amfani da iskar gas mai guba. An ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, amma aka tsame man fetur daga ciki, ba a kuma rufe mashigin ruwan Suez da jiragenta ke bi ba, domin Birtaniya da Faransa ba sa son tura Mussolini wajen Hitler. A watan Yunin 1936 Sarki Haile Selassie ya je Geneva da kansa ya kai kuka. Makonni kaɗan bayan haka aka ɗage takunkumin.

Hitler ya ga samu. Ya haɗe Ostiriya a watan Maris na 1938, a watan Satumba kuma Birtaniya da Faransa suka amince masa a taron Munich ya yanki wani ɓangare na Czechoslovakia, ba tare da an ba masu ƙasar damar zama a teburin ba. Bayan wata shida ya haɗiye abin da ya rage. A watan Agustan 1939 ya ƙulla yarjejeniya da Joseph Stalin na Tarayyar Soviet, suka raba Poland a asirce. Ranar 1 ga Satumba sojojin Jamus suka kutsa Poland, bayan kwana biyu Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi. Ga mutanen Sin kuwa, yaƙin ya riga ya soma tun 1937.

Yadda ya gudana

Da farko nasara ta Jamus ce. Cikin mako shida Faransa ta faɗi a 1940. Amma a 1941 aka yi kurakurai biyu da suka yanke makomar yaƙin: ranar 22 ga Yuni Hitler ya auka wa Tarayyar Soviet da sojoji fiye da miliyan 3, ranar 7 ga Disamba kuma Japan ta kai hari kan sansanin jiragen ruwan Amurka da ke Pearl Harbor. Daga nan yaƙin ya koma na wanda ya fi yawan mutane da masana'antu da man fetur, kuma a nan Jamus da Japan ba sa kusa.

An karya lagon Japan a teku a Midway a 1942, aka kori dakarun Jamus da Italiya daga El Alamein a Masar, sannan rundunar Jamus ta miƙa wuya a Stalingrad a watan Fabrairun 1943. Ƙasashen ƙawance sun sauka a gaɓar Normandy ranar 6 ga Yunin 1944. Hitler ya kashe kansa a ƙarshen Afrilun 1945, Jamus ta miƙa wuya ranar 8 ga Mayu. Japan ta bi sahu bayan Amurka ta jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki ranakun 6 da 9 ga Agusta.

Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga miliyan 60 zuwa sama, akasarinsu fararen hula. Tarayyar Soviet kaɗai ta rasa kimanin miliyan 27, abin da har yanzu Rasha ke kafa hujja da shi a kan matsayinta a duniya. 'Yan Nazi sun yi wa Yahudawa miliyan 6 kisan ƙare dangi. A yankin Bengal na Indiya, wanda ke hannun Birtaniya, yunwar 1943 ta hallaka mutane miliyan 2 zuwa 3.

'Yan mazan jiya

Ba kasafai finafinan yaƙin ke nuna cewa daulolin Turai sun yi shi ne da jinin talakawan da suke mulka ba. Indiya ta ba da sojoji miliyan 2 da rabi. Afirka ta ba da fiye da miliyan ɗaya, sojoji da 'yan dako.

Birged ɗin sojojin Najeriya yana cikin waɗanda suka kama Mogadishu a 1941 suka kuma nausa cikin Habasha, a yaƙin da ya mayar da Haile Selassie kan gadonsa. Daga baya aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Boma, inda suka gwabza da Japan a dazuzzukan Kaladan da Arakan har suka kama Myohaung a watan Janairun 1945. Da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa ce kuma harshen da ya haɗa su. Sunayen barikokin Myohaung da Arakan a Legas, da na Chindit a Zariya, duk daga can suka samo asali. Ta Kano da Maiduguri ne kuma dubban jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi suka bi zuwa Khartoum da Alƙahira.

Labarin Faransa ya fi ɗaukar hankali. Lokacin da gwamnatin Vichy ta sallama wa Hitler, gwamnan Chadi Félix Éboué ne, wanda baƙar fata ne, ya mara wa Janar Charles de Gaulle baya a watan Agustan 1940, yayin da Nijar ta ci gaba da zama a hannun Vichy har ƙarshen 1942. Birnin Brazzaville ya zama hedkwatar Faransa mai 'yanci. Ke nan kujerar da Faransa ke kai a Kwamitin Sulhu, akwai hannun sojojin Afirka a wajen sama mata ita.

Sakayyar da suka samu daban ce. Yarjejeniyar Atlantika ta 1941 ta yi alkawarin cewa kowace al'umma na da 'yancin zaɓen gwamnatinta, amma nan da nan Winston Churchill ya fayyace cewa wannan bai shafi daular Birtaniya ba. Ranar 1 ga Disamban 1944 sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, saboda sun nemi haƙƙoƙinsu na albashi. Hukumomi sun ce mutum 35 aka kashe, wasu masana tarihi na cewa ɗaruruwa ne, kuma sai a 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya kira abin da sunan kisan kiyashi. A ranar da Turai ke bikin nasara, 8 ga Mayun 1945, aka soma murƙushe masu zanga-zanga a Sétif ta Aljeriya, dubbai suka mutu. A Accra ma an harbe tsofaffin sojoji uku a watan Fabrairun 1948, tarzomar da ta biyo baya ta hanzarta samun 'yancin Ghana a 1957.

Yaƙin ya talauta Birtaniya da Faransa, ya kuma zubar musu da kwarjini a idon waɗanda suka ga Bature yana gudu yana miƙa wuya. Cikin shekara 20 akasarin daulolin suka watse. Amma 'yancin ya zo ne bayan an gama rabon kujeru.

Kujerar na-ƙi

Lokacin da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 tana da wakilai 51, huɗu ne kacal daga Afirka: Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Ƙasashe biyar suka ba kansu kujerun dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi, wato Amurka da Tarayyar Soviet da Birtaniya da Sin da Faransa. Ita Faransa ko gayyatarta ba a yi zuwa Yalta ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujjar da ba za a raina ba. Tsohuwar majalisar ta mutu ne saboda manyan ƙasashe sun ƙaurace mata, kuma da ba a ba Amurka da Tarayyar Soviet ikon na-ƙi ba, da wuya su shiga sabuwar. An gina kwamitin ne domin hana manya yaƙar juna, kuma ba a sake yin yaƙin duniya ba, kodayake tsoron makaman nukiliya na da babban kaso a wannan.

Tsadar tsarin kuwa ƙanana ne ke biya. A 1974 Amurka da Birtaniya da Faransa suka haɗu suka hana korar gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu daga majalisar. A 2003 Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi ba da amincewar kwamitin ba. A 2022 Rasha ta kashe ƙudurin da ke yin Allah wadai da mamayar da ita kanta ta yi wa Yukren, daga 2023 kuma Amurka ta sha kashe ƙudurorin neman tsagaita wuta a Gaza. Wanda ya tuna abin da ya sami Habasha a 1936 ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Yanzu majalisar na da wakilai 193, 54 daga cikinsu na Afirka, kuma rikice-rikicen nahiyar ne ke cin babban ɓangare na lokacin kwamitin. Sau ɗaya tak aka faɗaɗa shi, a 1965, daga kujeru 11 zuwa 15, ba tare da taɓa na dindindin ba. A 2005 Tarayyar Afirka ta tsayar da matsayarta ta Ezulwini, inda ta nemi kujerun dindindin biyu masu cikakken iko. Jamus da Japan, waɗanda aka ci da yaƙi amma suke cikin manyan masu ba majalisar kuɗi, su ma suna nema, haka nan Indiya da Brazil. A watan Satumban 2024 Amurka ta ce ta goyi bayan a ba Afirka kujeru biyu, amma ban da ikon na-ƙi.

Ita ma Afirka ba ta daidaita a kan waɗanda za su hau kujerun ba, inda ake yawan ambaton Najeriya da Afirka ta Kudu da Masar. Ko da ta daidaita, sashe na 108 na kundin majalisar ya tanadi cewa gyara ba zai fara aiki ba sai kashi biyu cikin uku na wakilai sun amince, ciki har da dukkan ƙasashe biyar ɗin nan.