Aikin ido da leza: a tambayi likita, ba ɗan talla ba

Daga Kasuwar Dole har ofisoshin gwamnati na Damagaram, wayoyin mutane sun cika da talla iri guda: aikin ido na minti goma da hasken leza a Dubai, Alƙahira ko Tunis, mutum ya yar da tabarau har abada. Ɗan kasuwa mai zuwa saro kaya na ganin tsuntsu biyu ne da jifa ɗaya. Ma'aikacin da karatun takardu ya gajiyar da idonsa na lissafin cin bashi. Abin da tallar ta ɓoye shi ne ya fi muhimmanci.

Aikin ba ƙarya ba ne. Salon da ake kira LASIK, likita Pallikaris na ƙasar Girka ya fara shi wajen 1990, ya bazu a duniya. Hasken yana kankare fatar gaban ido mai kama da gilashi, ya gyara lanƙwasarta, domin wanda ba ya hangen nesa ya gani ba tabarau. Ba ya maganin yanar ido, ko hawan jinin ido, ko amodari, alhali su ne ke makantar da jama'a a ƙasar Damagaram. Wanda ya haura shekara 40 kuma, ko an yi masa, yawanci sai ya koma ga tabaran karatu.

Sannan ba kowa ake yi wa ba. Dole mutum ya cika shekara 18, ma'aunin tabaransa ya shekara bai sake ba, fatar idon tana da kauri. Binciken da hukumar FDA ta Amurka ta shirya, aka buga a 2017, ya nuna fiye da kashi 95 cikin ɗari sun gamsu da aikin. Amma har kashi 28 na waɗanda ba su da bushewar ido a da sun same ta bayan wata uku. Mai zama cikin ƙurar hunturu da zafin bazara ya kamata ya auna wannan sau biyu. Idan ya dawo gida ido ya ɓaci, wa zai kama? Ɗan talla ya riga ya karɓi la'adarsa.

Labarin gaskiya yana da alamu. Yana faɗin sunan likita da hukumar da ta ba shi izini. Yana faɗin illa kamar yadda yake faɗin amfani. Ba ya yanke farashi kafin awo, ba ya cewa rangwame zai ƙare jibi. Shafin da ke sayar da aiki ba zai zama alƙalin aikin ba. A duba na FDA, ko na ƙungiyoyin likitocin ido na Faransa ga mai jin Faransanci. Kafin sayen tikitin jirgi, a fara awo a babbar likita ta Damagaram, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, a ji ainihin ciwon.

Akwai kuma laifin hukuma. Mafi yawan bayanai masu inganci da Ingilishi da Faransanci suke, talla kuwa da Hausa take shiga kunne. Haƙƙi ne a kan ma'aikatar kiwon lafiya da ƙungiyar likitoci su fassara wannan bayani, su watsa shi a gidajen rediyo, su sa ido kan dillalan da ke kai marasa lafiya waje. Haja in ta lalace ana sake saro wata. Ido ba shi da kasuwa.