Mun san sarakunan Bani Isra'ila, amma wa zai ba mu labarin Kanta?

Tambayi ɗalibin Islamiyya a Birnin Kebbi wane ne ya kashe Jalutu, nan take zai ce Annabi Dawuda (AS). Zai ƙara maka da Ɗalutu da Annabi Sulaimanu (AS). To, tambaye shi wa ya gaji Muhammadu Kanta. Sai ya yi tsuru-tsuru. Ni ma da na girma ina jin sunan Kanta, sai da na koma littafi.

Sarakunan nan na Bani Isra'ila sun yi zamani kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Bayan Sulaimanu daular ta rabe biyu, Isra'ila a arewa, Yahuda a kudu da birnin Ƙudus. Assuriyawa suka ci ta arewa wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Bukhtanasar na Babila ya rushe Ƙudus wajen 586, ya kwashe mutanenta. Gari ya rushe, amma sunayen sarakuna ba su ɓace ba, domin an rubuta su, an kuma ci gaba da kwafa. Daga baya masu tono suka shiga. A 1993 aka haƙo wani dutse a Tel Dan mai ambaton gidan Dawuda, kuma wani sarki abokin gabarsu ne ya sa aka sassaƙa shi.

Ba batun Gaza nake yi ba. A can matsayina sananne ne. Sai dai duk mai bin rikicin ya ga yadda ake ɗaga tsohon tarihi a matsayin hujja.

Kanta fa na jiya-jiya ne. Wajen 1516 ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye bayan yaƙin Agadas, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame. Abin da ya fi damuna shi ne, manyan rubutattun bayanai a kansa daga waje suka zo: Tarikh al-Sudan na Assa'adi ɗan Timbuktu, da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda jama'arsa ce ta ci Birnin Kebbi a 1805. Malamai ne na ƙwarai, amma ba Kabawa ba ne. Ɓangaren Kabawa mafi yawansa yana bakin dattawa da makaɗan fada, kuma kullum ana kai su makwanci.

Wani zai ce ai akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu. Akwai, tun 1958, a tsohuwar fada, da makamai da kayan sarauta. Yara nawa ake kaiwa daga makarantun Jega ko Bunza? Surame kuwa, wadda yanzu take cikin jihar Sakkwato, tana jerin jiran UNESCO tun 2007, ganuwarta ta dutse tana daji.

Muna kashe kuɗi a bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, kuma ban ce a daina ba. Amma a ware wani kaso a ba sashen tarihi na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su naɗi muryoyin dattawan Argungu, Augie da Gulma, su yi tono na ilimi a Surame. Gwamnatocin Kebbi da Sakkwato su zauna kan wanda zai kula da wurin. Sannan masarautar Argungu ta fitar da ƙaramin littafi da Hausa, mai jerin sarakuna daga Kanta har zuwa Sama'ila Muhammadu Mera, a raba wa 'yan firamare.